Gingimarin da Malam Rilwanu Ya Gyara

Malam Rilwanu Garba ya yi shekara talatin da biyar yana zana taswirar gine-gine a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa dawo masa da takarda don an sami kuskuren awo a cikinta ba. Shi ba ya faɗin haka da bakinsa, amma yana son ya ji an faɗa. Dogo ne siriri mai tabarau, ba ya fara magana sai ya san inda za ta ƙare. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka watsu, wasu gona, wasu siyasa, wasu benci a ƙofar masallaci. Shi kuwa ya shige wani ɗan ɗaki a bayan gidansa da ke Unguwar Rimi, ya ba da ransa ga abin da a da yake yi ranakun Asabar kaɗai, wato ƙera manyan motocin ɗaukar kaya a ƙanƙance.

Wanda bai shiga ɗakin ba zai zaci irin motar gwangwanin nan ce da ake ja da zare a lungu. Akwai nisa tsakaninsu. Malam Rilwanu yana da ƙa'ida guda da ba ya saɓa mata: duk inci ashirin da huɗu a jikin babbar mota, inci ɗaya ne a jikin tasa, tun daga tsawon bodi har kaurin ƙusa. In ƙarfen da ya yanka ya zarce awo ko da kaurin gashi ne, yarwa yake yi ya yanko wani. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramin zarto, magagari uku, hantsaki, gam, da gilashin ƙara girma da yake ɗaurawa a goshi. Kayan haɗi kuwa a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka yake tsinto su. Sifirin tsohon agogon bango shi ne sifirin mota, wayar birkin keke ita ce bututun mai, tayoyi kuma daga tafin tsohon takalmi yake sassaƙo su, ya bi su da tsinin reza yana fitar da zanen taya layi bayan layi. A kan kantar ɗakin akwai tifa, da tankar mai, da tirelar shanu mai tsani a gefe, motoci goma sha bakwai a jere, babu wadda ya taɓa sayarwa ko bayarwa.

Matarsa Asabe takan leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Malam, tashar taka ta cika fa. Saura 'yan kamasho da mai shayi."

"Kada dai ki share nan."

"Wa zai share? In ɓatar da ƙusa guda a kai ni gaban alƙali?"

Mota ta goma sha takwas ta bambanta da sauran, kuma ba a gane dalili sai an koma baya. Mahaifin Malam Rilwanu, Garba, direban gingimari ne, irin babbar motar nan mai bodin katako, yana jigilar gyaɗa da auduga tsakanin Funtuwa da Zariya da Kaduna. A hanya ya rasu, a cikin motar, a shekarar 1971, Rilwanu yana da shekara shida, ƙanwarsa Harira tana goye. Abin da ya rage masa na uba shi ne tunawa da wata taya da ta fi shi tsawo, da warin man gas, sai hoto guda ɗaya mai baƙi da fari. Ta bayan motar aka ɗauki hoton: Garba yana tsaye ya jingina da ƙarshen bodi, a saman kansa an rubuta "Sai Mun Dawo" da farin fenti. Kan motar, inda direba ke zama, bai fito ba. Ƙanin mahaifin nasa, Baffa Ɗahiru, shi ya riƙe shi a Kurmin Mashi, kuma mutum ne da ba ya son a tayar da zancen mamaci. Har ya koma ga Allah bai ƙara wa yaron komai a kan abin da hoto ya nuna ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san Garba sani na haƙiƙa, ita ce mahaifiyar Rilwanu, Inna Hansai, wadda ke zaune a tsohon gidansu na Abakpa tare da Harira. To amma Rilwanu ɗan fari ne, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara sittin ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa ranar Juma'a ya durƙusa a bakin ƙofa, takan kau da kai ta amsa a taƙaice. In tana da saƙo gare shi, Harira take gaya wa, ko da yana zaune a wurin. Babu mai hankalin da zai kira wannan ƙiyayya, shi ma bai taɓa kiransa haka ba. Ya san ita ce take tashi da azumi duk ranar da zai shiga jarrabawa. Al'adar tana da hikimarta, domin tana hana uwa shagwaɓa ɗanta na farko, tana kuma koya wa ɗan tsayawa da ƙafarsa. Sai dai kowace al'ada tana da abin da take ci, kuma abin da wannan ta ci a gidan Garba shi ne hira. Ɗa bai iya tambaya ba, uwa ba ta iya farawa ba.

Shekara biyu da suka wuce, ciwon ido ya rufe wa Inna Hansai gani. A nan ne Malam Rilwanu ya zauna ya yi lissafinsa yadda ya saba. Harshe, kunya ta ɗaure shi. Ido, cuta ta tafi da shi. Abin da ya rage hannu ne. In ya ƙera motar mahaifinsa daidai, babu ragi babu ƙari, ya ɗora mata a cinya ta shafa, watakila abin da ta kasa gaya wa ɗa za ta gaya wa mota, shi kuma yana gefe ya ji. Buƙatarsa ke nan duka: ya ji mahaifiyarsa tana ba da labarin mahaifinsa, sau ɗaya, kafin ta tafi da shi.

Hoto ya ba shi bayan mota da gefenta. Don sauran, ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa wani gareji a Kurmin Mashi inda wata gingimari irin ta Garba ta yi shekaru a kwance, ciyawa ta fito ta cikin inji, kaji suna ƙwai a kan kujera. Ya yi mako uku yana zuwa da tef na awo da littafi. Mai garejin, wani tsohon makanike da ake kira Maliki, ya gaji da kallo ya ce, "Injiniya, wai likkafani za ka ɗinka mata ne? Ai wannan ta daɗe da cikawa."

"Awo nake ɗauka."

"Har da na kashin kajin?"

"Riƙe min bakin tef ɗin nan, Malam Maliki."

"Na riƙe. Amma in ta tashi, ni ne direba, kai ne yaron mota."

Ya auna tazarar taya da taya, da faɗin ƙofa, da tsawon sandar giya, da kaurin sitiyari da nisansa daga kujera. Shafi arba'in da ɗaya ya cika da lambobi. Tambaya guda ce bai yi ba, ga Maliki ko ga kansa: a wace shekara wannan motar ta shigo ƙasar?

Aikin ya ci wata goma sha ɗaya. Ya tsaga katakon akwatin shayi sirara-sirara ya jera bodi, kowane falanki da ƙusoshinsa huɗu. Ya yanka wani tsohon yadin kaki ya jiƙa shi da kakin zuma ya zama tamfol. Ya yi buhunan gyaɗa talatin, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, ya cika su da gero. Da yake ya san da hannu za a kalli wannan mota, sai ya bar tagogin ƙofa a buɗe ba gilashi, ya kuma yi rubutun "Sai Mun Dawo" da fenti mai kauri, shafi a kan shafi, har haruffan suka taso. Cikin kan motar ya fi komai cin ransa. Ya yi kujera da fatar tsohon walat, ya yi birki da kuloci da totur, ya lanƙwasa wayar tagulla ta zama sitiyari mai juyawa da tayoyin gaba. Da ya gamsu, ya ɗora rufi, ya liƙe da gam mai ƙarfi, ya goge gaɓar har farce ba ya jin ta, ya yi fenti sau uku.

Wata Juma'a bayan la'asar ya naɗe ta a tawul ya nufi Abakpa. Inna Hansai tana zaune a kan tabarma a rumfar ɗakinta. Ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum. Sai ya miƙa wa Harira tawul ɗin, Harira ta kwance ta ɗora wa tsohuwa a cinya.

"Mene ne wannan kuma, ke Harira? Rediyo?"

"Shafa dai ki ji, Inna. Yaya ne ya kawo miki."

Yatsun tsohuwar suka fara daga baya. Suka bi falankan bodi, suka taɓa tamfol, suka matsa buhu guda, suka sauka kan taya suka juya ta. Da suka iso kan rubutun sai suka tsaya. Ba ta yi boko ba, amma ta bi haruffan daga farko zuwa ƙarshe, ta sake dawowa. Numfashinta ya sauya. Malam Rilwanu yana durƙushe a bakin rumfa yana kallo.

Ta juya motar, hancinta ya kalli gaba, ta zura ɗan ƙaramin yatsa ta tagar dama. Ta laluba. Ta fitar, ta sake zurawa.

"Ke Harira, ina abin tuƙin?"

"Yana ɗaya gefen, Inna. Ta hagu."

"Hagu? A'a. Gaya masa ba nan yake ba. Ranar da babanku ya ɗauko mu daga Funtuwa bayan na gama wanka, ni ce a hagu da jariri a cinya, shi yana damana. Har yana sakin abin tuƙin da hannu guda yana taɓa ƙafar jaririn, ina cewa ya duba hanya. Hagu wurina ne."

Nan take Malam Rilwanu ya gane. Har zuwa shekarar 1972, a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, sitiyarin motoci kuwa a dama yake. Garba ya rasu kafin a canza hannu. Gingimarin Maliki bayan canjin ta shigo. Ya san wannan tarihi sarai, har ranar da watan zai iya faɗa, domin ya karanta ba sau ɗaya ba. Ya san shi a littafi, bai taɓa haɗa shi da ubansa ba.

A nan ya kamata a tsaya a auna, domin a nan ne rayuwar mutumin ta karkace. Magana biyu ce a cikin abin da tsohuwar ta faɗa. Ta farko, sitiyari ba a wurinsa yake ba. Ta biyu, mace tana dawowa daga gidan iyayenta bayan wankan haihuwar fari, da jariri a cinya, mijinta yana taɓa ƙafar jaririn. Jaririn nan shi ne Rilwanu. A shekara sittin, wannan ne karo na farko da ta sa shi da kanta da mahaifinsa a cikin zance guda a gabansa. Abin da ya yi wata goma sha ɗaya yana nema ya fara zuba. Amma kunnen da ya yi shekara talatin da biyar yana tsoron kalmar kuskure, maganar farko kaɗai ya ji.

Ya matso ya sa hannu ya ɗauke motar daga cinyarta. "Ki gafarce ni, Inna. Zan gyara."

Hannunta ya bi motar kaɗan a iska, sannan ya koma kan zani. Ta ce wa Harira, "Ai da ya bar ta."

"Yaya, ka bar mata mana. Wa zai duba?"

"Ita ta duba. Ba zan bar mata abin da ba daidai ba."

Gyaran ba ƙaramin abu ba ne. Ba a ɗauke sitiyari kawai a dasa a wani gefe. Sai an fasa rufin da ya liƙe, an cire kujera, an mayar da birki da kuloci da totur, an sake allon gaban direba, an warware haɗin tayoyin gaba an juya shi. Gam ɗin ya ƙi saki, rufin ya tsage biyu, dole ya ƙera sabo. Hannunsa kuma ya fara wata 'yar karkarwa da ba shi da ita a bara, har ƙusa takan kuɓuce wa hantsaki sau biyar kafin ta zauna.

A mako na biyu Harira ta bugo waya. "Yaya, Inna na cigiyar motarta."

"Ta kusa."

A mako na huɗu ta sake bugowa. "Wallahi Yaya, tun ranar nan bakinta bai rufe ba. Da safe Baba, da rana Baba. Ni ga girki ga jikoki, rabi nake ji. Ka zo ka zauna mana."

"In na zo ai shiru take yi."

"To ka kawo motar, ko ba rufi."

"Haba Harira. A haka?"

Bai daina zuwa gaisuwar Juma'a ba, wannan ba za a ɗora masa ba. Amma yakan zo hannu wofi, ya durƙusa, ya gaisa, ya tashi, hankalinsa yana kan fentin da ya baro yana bushewa. Wata Juma'a yana saka takalmi ya ji Inna ta ce wa bango, "Mutum ya kawo abu, ya kwashe abinsa." Ya ɗauka gori ne a kan kuskurensa, ya koma gida ya ƙara ƙaimi. Asabe ta tsaya a ƙofar ɗakin aikin, wannan karon babu wasa a muryarta.

"Malam, tsohuwar nan ba sitiyari take nema ba."

"Ita ta fara gano shi."

"Ta gano shi ne don ta zauna a wurin. Kai dai ka kai mata."

"Kwana goma ya rage."

Ranar Talata ta mako na bakwai, da hantsi, Inna Hansai ta faɗi a hanyar banɗaki. Aka kai ta asibiti, likita ya ce jini ne ya hau ya shanye ɓarin dama, ya kuma taɓa harshe. Bayan kwana tara aka sallamo ta. Tana haɗiyar kunu, tana jin motsi, amma magana ta tafi, kuma likitan bai ɓoye musu cewa a shekarunta da wuya ta dawo ba.

Ya kammala motar tun tana asibiti. Ya kai ta Abakpa a cikin tawul ɗin nan, ya shiga har cikin ɗaki, abin da bai saba ba, ya zauna a bakin gado ya ɗora mata a kan bargo. Hannun dama, wanda ya karanta rubutun a wancan karo, yana kwance kamar ba nata ba. Ya ɗauki na hagu da kansa, ya kai ɗan yatsanta tagar dama, ya taɓa mata sitiyari.

"Ga shi nan, Inna. Na mayar da shi wurinsa."

Yatsan ya tsaya inda ya ajiye shi. Leɓenta ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba, yawu ya biyo gefen baki. Harira ta goge mata da bakin mayafi.

A tsakar gida ya tare ƙanwarsa. Ya fito da littafin awonsa, ya buɗe shafi na arba'in da biyu, wanda babu komai a kai. "Gaya min abin da ta ce. Duka. Daga farko."

Harira ta fara lissafowa. "Ta ce yana son ɗanwake da mai da yaji. Ta ce ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta sau ɗaya yana buga tayoyi da ƙafa. Akwai wata waƙa da yake yi, ta rera min har sau biyu, ban riƙe ba."

"Sai me?"

"Akwai wani dogon labari a kanka. Wai ranar da ka ɓata, aka tashi unguwa ana nema, ashe kana... ko cikin bodi ne, ko ƙarƙashin kujera. Ta yi ta dariya har da hawaye. Kuma ta faɗi abin da Baba ya ce da ya gan ka. Ta ce in gaya maka."

"Me ya ce?"

"Yaya, wallahi miya ce a wuta. Na ce mata in ka zo ta faɗa da kanta, tun da motarka ta buɗe mata baki."

Ya rubuta ɗanwake, ya rubuta buga taya. Layi biyu. Ya daɗe yana riƙe da biro a kan na uku.

Yanzu kullum da hantsi Malam Rilwanu yana Abakpa. Yakan shiga ɗaki ya zauna a bakin gado har azahar, kunya ta kau tun da babu sauran abin da za ta tsare. Gingimarin tana kan bargo, kuma duk wanda ya zo dubiya yakan ɗauka ya jujjuya ya yi mamaki. Maliki da ya zo gaisuwa ya leƙa ta tagar motar ya ce, "Kai, Injiniya, har da sitiyarin dama irin na da! Wannan babu inda za a kushe ta." Gaskiya ya faɗa, babu kuskure ko ɗaya a jikinta. Ɗakin bayan gida na Unguwar Rimi yana kulle, Asabe tana da mabuɗi amma ba ta shiga. Wani lokaci hannun hagun tsohuwar yakan motsa a kan bargo, ya hau bodi, ya wuce tagar dama bai tsaya ba, ya zagaya ya shiga ta hagu ya kwanta a kan kujerar fasinja. Malam Rilwanu yakan buɗe littafinsa a kan gwiwa, ya matso da kunne kusa da bakinta, ya jira.